Daga Rumbun Zakka Zuwa Zauren Jami'a: Tarihin Kula da Raunana a Ƙasar Daura



Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da aka yi mini a zaure, na kasa amsa ta a ranar. Ƙanwata ce ta sami gurbin karatu a jami'a, a fannin da ake kira Soshiyal Wok, wato ilimin aikin kula da jin daɗin jama'a. Da muka kai wa Kawunmu labari a gidansa da ke cikin garin Daura, ya sa albarka, ya yi addu'a, sannan ya juyo gare ni ya ce: "Kai da ka yi boko, fahimtar da ni. Likita na san aikinsa, lauya na san nasa. Amma taimakon maraya da gajiyayye, shi ma yanzu sai an yi masa shekara huɗu a jami'a? Mu da muka yi ta yi ba takarda fa?"

Na ce, "Allah Ya ja kwana, Kawu, zamani ne ya zo da haka." Ya yi murmushi irin na wanda bai gamsu ba, ni ma kuwa ban gamsu da amsar tawa ba. Na san akwai matasa da yawa da ke cikin halin ƙanwata: an ba su wannan fanni, ko sun zaɓe shi da kansu, suna jin nauyin faɗin sunansa a gaban abokan da suka sami likitanci ko injiniya. Shi ya sa na koma na bi tarihin al'amarin, daga ƙasarmu ta Daura zuwa inda sana'ar ta samo asali, domin mu ga ko tambayar Kawu tana da amsa.

Yadda kakanninmu suka tsara abin

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a labarin da muka gada, kafin Bayajida ya kai ga rijiya ko fadar Daurama, wata tsohuwa ce mai suna Ayana ta sauke shi a gidanta, alhali ba ta san daga inda ya fito ba. Ko me masana za su ce game da ingancin labarin, ya nuna abin da mutanenmu suka ɗauka da girma tun fil azal: baƙo yana da haƙƙi, ruwa kuma na kowa ne.

Kula da mai rauni a ƙasar Hausa hawa-hawa ne. Hawa na farko shi ne gida. Maraya ba ya rasa mai riƙo, domin baffa ko kawu ko gwaggo za su ɗauke shi. Matar da mijinta ya rasu tana komawa hannun danginta bayan takaba. Tsoho yana cin abinci daga gandun gida har ƙarshen ransa. Hawa na biyu shi ne unguwa. Akwai gayya, inda matasa ke taruwa su nome gonar wanda ciwo ya kwantar, akwai ciyayya tsakanin maƙwabta, akwai adashi da biki a tsakanin mata, akwai kuma uwar ɗaki da ke ajiye wa almajiri kwanonsa. Hawa na uku shi ne sarauta. Yaron da ya ɓata gidan mai unguwa ake kai shi a yi cigiya. Rigimar aure da ta fi ƙarfin waliyyai tana zuwa gaban liman ko dagaci kafin ta kai ga alƙali. Masu lalura ta musamman ma ba a bar su kara zube ba, domin a manyan garuruwan Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda ke sasanta mutanensu, su karɓi rabonsu, su kai kukansu fada.

Ginshiƙin da ya riƙe wannan gini shi ne zakka, musamman ta hatsi. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi yana fitar da dami ɗaya cikin goma idan noman damina ne, rabin haka kuma idan da wahalar ban ruwa ya noma. Ana tara wannan hatsi a rumbuna a hannun shugabanni, kuma a shekarar da damina ta yi gardama nan ake sa ran komawa. Mai karatu ya lura da wani abu a aya ta 60 ta Suratut Tauba, wadda ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka. Na uku a jerin su ne ma'aikatan da ke tattara ta su raba ta. Ashe tun farko shari'a ta san cewa isar da haƙƙi ga mai shi aiki ne da ke buƙatar mutum na musamman, wanda za a biya shi lada daga cikin dukiyar kanta.

Malaman ƙasar nan ma sun yi rubutu a kai. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nasiha kan wajiban sarauta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano a farkon jihadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin gyara rayuwar talakawansa ta duniya tare da ta addini. A ɓangaren mata, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis-jajis ke shiga ƙauyuka suna koyar da mata.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. A wancan zamani akwai bauta. Akwai ƙyamar kuturu. Mai taɓin hankali idan ya gagari danginsa turu ake sa shi, yaron da ya kangare kuma mari ne maganinsa. Ba kowane basarake ne ya riƙe amanar rumbun zakka ba, kuma ƙorafi kan zaluncin masu mulki yana cikin abubuwan da suka tayar da jihadi. Tsarin yana da kyau da muni, amma abin da ya sa ya yi aiki shi ne kowa ya san kowa, kuma kowane mai rauni ya san ƙofar da zai buga.

Yadda igiyar ta fara tsinkewa

Ƙasar Daura ta sha girgiza tun kafin Turawa. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓi garin da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa sarautu a Zango da Baure. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka shata iyaka, sai wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa cikin abin da ya zama Jamhuriyar Nijar, dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu. Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi shekara 55 a kan gado har 1966. Wanda ke son zurfafa bincike kan waɗannan sauye-sauye sai ya nemi littafin M. G. Smith kan sha'anin mulkin Daura, wanda aka buga a 1978.

Canjin da ya fi taɓa talaka shi ne na haraji. Turawa sun tarar da kuɗin ƙasa da zakka da sauran kuɗaɗe iri-iri, sai suka dunƙule su sannu a hankali suka zama haraji guda, wanda ake biya da tsabar kuɗi. Suka kafa taskar En'e, suka bar mata tsohon suna na Baitulmali, amma babban aikinta ya zama biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, da gina ofisoshi da hanyoyi. Dami ɗaya cikin goma da ke zaune a rumbun ƙauye ya koma sulalla a akwatin ƙarfe a birni.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka karkata gare ta don samun kuɗin haraji. A 1913 ruwa ya ɗauke, sai 1914 ta zo da yunwar da tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba, wadda ta fi tsanani a arewacin ƙasar Hausa, yankin da Daura ke ciki. Mutane suka watse suna neman abinci, masu gudun yunwa daga ƙasar da Faransa ke mulki suka kwararo kudu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Wasu yunwoyin sun biyo baya a 1927 da 1942. Masanin nan Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya kafa hujja da cewa fari tsohon abu ne a ƙasar nan, abin da ya sauya shi ne garkuwar da jama'a ke kare kansu da ita, wadda sabon tsarin haraji da kasuwa ya raunana.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci. A 1937 hukuma ta miƙa wa 'yan mishan na SIM kula da sansanonin kutare na larduna, wato Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga kusa da Katsina. Lardin Katsina a lokacin, tun kafa shi a 1934, ya ƙunshi masarautun Katsina da Daura. Kutarenmu sun sami magani da kulawa a hannun baƙi, wasunsu da 'ya'yansu kuma suka bi addinin masu kula da su. Ban kawo wannan don zargin kowa ba. Na kawo shi ne don mu gane cewa duk aikin jinƙan da al'umma ta kasa tanadar masa ƙwararru daga cikinta, wani zai zo ya yi mata shi.

Inda sana'ar ta samo asali

To, daga ina wannan karatu ya fito? Ya fito ne daga al'ummar da irin igiyarmu ta riga tamu tsinkewa. A ƙarni na 19 masana'antu suka kwashe mutanen Ingila daga ƙauyuka zuwa birane, inda babu dangi, babu mai unguwar da ya san asalin kowa. Masu hannu da shuni suna ba da sadaka, amma ba a san wa ya samu sau uku ba, wa kuma ya kwana da yunwa. A 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan don tsara sadaka, wadda ke tura mutane gida-gida su binciki halin mai nema kafin a ba shi. A 1884 aka buɗe Toynbee Hall, inda ɗaliban jami'a ke tarewa a unguwar matalauta su zauna tare da su, Jane Addams kuma ta kafa irinsa a Chicago ta Amurka a 1889. A 1895 wani asibiti a Landan ya ɗauki Mary Stewart aikin duba halin rayuwar marasa lafiya, kuma sunan muƙamin nata a Turance ma'anarsa mai rabon sadaka.

Daga nan aka gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa, sai da horo. Aka fara kwas a birnin New York a 1898, aka buɗe makaranta a Amsterdam a 1899. Abin mamaki, tambayar Kawu su ma an yi musu ita. A 1915 wani masani mai suna Abraham Flexner ya tsaya gaban taron ma'aikatan jinƙai a Amurka ya tambaya ko aikinsu ya cancanci a kira shi sana'ar ƙwararru, ya kuma yanke cewa bai kai ba tukuna. Bayan shekara biyu, a 1917, Mary Richmond ta fitar da littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin binciken matsalar mutum: yadda ake tattara bayani daga gare shi da danginsa da maƙwabtansa, a auna, a gano tushen ciwon, sannan a tsara magani. Ƙasashen Musulmi ba su tsaya kallo ba. An buɗe makarantar wannan fanni a Alƙahira a 1937, Misira kuma ta kafa ma'aikatar harkokin jama'a a 1939.

Shigowarsa Nijeriya

A ƙasarmu ta Legas ya shigo, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da yara marasa galihu suka cika titunan birnin da bakin tashar jirgin ruwa. Wani Bature mai suna Donald Faulkner ya binciki halinsu, ya zama jami'in jin daɗin jama'a na farko, aka kuma yi dokar yara da matasa a 1943, wadda ta tanadi kotun yara da gidajen ajiye su daban da manya. Sai a 1958 Jihar Arewa ta sami tata dokar. Ke nan an fara aikin ne da fuskar kotu da gidan horo, a birnin da ke nesa da mu, cikin harshen da iyayenmu ba sa ji. Ba abin mamaki ba ne da har yau mutanenmu ke ganin ofishin jin daɗin jama'a wuri ne da ake kai ƙarar miji ko ake ajiye jaririn da aka tsinta.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e. Mai unguwa da dagaci suka rage da girma, amma babu taska a hannunsu. A daidai wannan lokaci, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da farin 1972 zuwa 1974, gwamnatin tarayya ta yi doka ta 12 ta 1974 kan ci gaban jama'a. Ƙungiyar ma'aikatan fannin ta ƙasa ta kafu a 1975, Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta fara koyar da shi a 1976, daga baya jami'o'i irin su Benin da Ibadan da Kalaba da Ilori suka bi sahu. Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan wurare ba kusa da mu suke ba. Tsohon tsari ya yi rauni a hannunmu, sabon kuma ya yi girma a hannun wasu. Tsakanin biyun sai aka sami wani rami.

Abin da ya faru a Oktoban 2019

Mun ga zurfin wannan rami da idonmu. A tsakiyar watan Oktoba na 2019, makonni kaɗan bayan an bankaɗo irinsa a Rigasa ta Kaduna, waɗanda ake tsare da su a wani gidan mari a garin Daura suka yi bore. 'Yan sanda suka shiga suka fito da mutum 67, masu shekaru daga 7 zuwa 40, wasu da sarƙa a ƙafa, suka kuma ce waɗanda ke gidan sun haura 300, da yawa sun tsere. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe wani a birnin Katsina. Kafofin labaran duniya suka ɗauka, sunan garinmu ya zagaya tare da hotunan da ba mai son sake gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancin mutanen nan ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Na san wata uwa a unguwarmu da ta taɓa kai ɗanta irin wannan gida a wani gari. Shaye-shaye ya kama shi, ya sayar da keken ɗinkinta, ya ɗaga wa ubansa hannu. Ta ce mini, "Ɗana, ina zan kai shi? Na kai shi wurin 'yan sanda sun sako shi, na kai shi asibiti sun ce ba ciwonsu ba ne." Ba muguwa ba ce. Ƙofa ɗaya ta gani a buɗe, ta shiga.

Kawu da tsararrakinsa sun iya riƙon maraya, sun iya sasanta ma'aurata, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ba su gaji maganin yaron da kodin da tiramol suka cinye ba, domin a zamaninsu babu su. Sai a 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, bayan ɓarnar ta yi nisa. Ba su gaji yadda ake karɓar yarinyar da aka kuɓutar daga hannun 'yan bindiga ba, ko yadda ake mayar da ɗaruruwan almajirai ga iyayensu a lokaci guda, kamar yadda gwamnonin Arewa suka yi a 2020 lokacin annobar korona. Sababbin cututtuka ne, suna buƙatar sabon ilimi.

Dokar da ɗan Daura ya sa wa hannu

Akwai wani abin lura a tarihin dokar wannan sana'a. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya ƙi sa hannu a ƙudurin kafa majalisar kula da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Dalilinsa shi ne ƙudurin bai fayyace iyakar sana'ar ba, alhali yana hana wanda ba shi da rajista yin ta. Wannan kusan ita ce damuwar Kawu: idan taimako ya zama na masu takarda, ina matsayin sauran jama'a? Aka koma aka sake aiki a kan ƙudurin, a ƙarshen 2022 ya sa hannu, sana'ar ta sami majalisar da doka ta ɗora wa tsara horo da rajista da ladabtarwa.

Ba ita kaɗai ba ce. An yi dokar kare haƙƙin yara ta tarayya a 2003, Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta zo a 2019, ta lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Tun bayan dawo da shari'a a 2000, jihohin Arewa sun yi ta kafa hukumomin zakka da waƙafi, irin ta Kano da aka kafa a 2003. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dokoki da hukumomi tana jiran mutumin da zai sauke ta daga takarda ya kai ta Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Idan ba 'ya'yanmu ba, wa zai kai ta?

Abin da ake koyo, da inda Musulmi zai sa ido

Mai shiga da jarrabawar share fagen jami'a shekara huɗu yake yi. Yana karanta ilimin zamantakewa da na halayyar ɗan Adam, da dokokin iyali da yara, da manufofin gwamnati kan jin daɗin jama'a, da dabarun bincike. Yana koyon aiki da mutum ɗaya, da rukuni, da al'umma gaba ɗaya. Sannan ana tura shi aikin gwaji a asibiti ko kotu ko gidan gyaran hali ko gidan marayu, ƙarƙashin wanda ya riga shi.

Amfanin wannan horo yana tuna mini labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. An ruwaito cewa wani dare yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, ya ji jariri yana ta kuka. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san ko shi wane ne ba, ta ce yaye shi take yi da wuri, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga Baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sauya dokar, ya sa a rubuta wa kowane jariri rabonsa tun daga haihuwa. Dubi matakan: ya fita da kansa, ya saurara, bai tsaya ga kukan ba sai da ya gano sababinsa, da ya ga dokarsa ce sababin kuma ya gyara ta. Wannan shi ne abin da ake ƙoƙarin koya wa ɗalibi a shekara huɗu.

Yawancin ƙa'idojin sana'ar ba baƙi ba ne a wurinmu. Abin da suke kira tsare sirrin mai neman taimako shi ne rufin asiri. Abin da suke kira girmama darajarsa shi ne hanin da aka yi mana na ɓata sadaka da gori. Amma akwai wuraren da ɗalibi zai buɗe ido. Littattafan an rubuta su ne a ƙasashen da ake kallon mutum shi kaɗai, mu kuwa ba a gyara yaro a bar gidansu, ba a shiga gida a tsallake mai gida da mai unguwa. Haka batun ɗaukar ɗa a jingina shi ga wanda ba ubansa ba, wanda ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka hana. Madadinsa shi ne kafala, wato riƙo ba tare da sauya nasaba ba, kuma sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ambaci kafala da sunanta. Ɗalibin da ya san fiƙihunsa ya san dokarsa ba zai rikice ba, ba kuma za a rikita shi ba.

Ga 'yan'uwa mata kuwa, buƙatar ta ninka. Gidajenmu ba a shiga, kuma mafi yawan raunin yana can ciki: mai jego da damuwa ta kama, yarinyar da aka ci zarafinta aka ce ta yi shiru, tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani. Namiji ba zai kai gare su ba. Jajin Nana Asma'u ta kai, kuma magajiyarta ce kawai za ta kai a yau.

Amsata ga Kawu

Ba zan ɓoye wa ƙannena gaskiya ba. Albashin aikin ba shi da yawa, guraben gwamnati kaɗan ne, ofisoshin sau da yawa ba su da abin hawa balle kuɗin tallafi, kuma mai yin sa yana kwana da damuwar mutane a ransa. Wanda ke neman arzikin gaggawa ya nemi wata hanya. Amma malamai sun ce duk abin da al'umma ba ta iya tsayuwa sai da shi, koyonsa farilla ce ta kifaya, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Bayan abin da muka gani a 2019, ban ga yadda za a cire wannan fanni daga ciki ba.

Da na koma gaida Kawu, na ce masa: "Kawu, ba ku yi laifi ba, kuma takardarta ba za ta hana ku riƙon maraya ba. Ku ne hawa na farko da na biyu. Hawa na uku ne ya rushe tun zamanin da aka kwashe rumbun zakka, shi ake so ta taya ginawa." Ya yi shiru, sannan ya sa aka kira ta. Ya ce mata, "To, 'yata, ki je ki koyo. Amma in kin dawo, kafin ki shiga gidan kowa da takardarki, ki fara tsayawa ki gaida mai unguwa." Ni dai ban ga abin da zan ƙara a kan wannan ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba masu wannan karatu ikon riƙe amanar bayinSa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.